Kunya Biyar a Burtali

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, takin zamani ya iso Damari, tarakta ta biyo baya, sai idon kowa ya koma kan burtali, hanyar da aka bar wa shanu tun kaka da kakanni su sauka rafi. Gonarmu na bakinsa. Maƙwabta suka fara ci, wannan kunya biyu, wancan huɗu. Baba kaɗai ya ƙi.

Lokacin na fara koyarwa a firamare, bakina ba ya mutuwa. Damina guda muka yi muna nanata magana ɗaya, har na gaji da jin muryata.

"Baba, wa ya shata burtalin nan? Mutane ne. A da ƙasa ta yi yawa, yanzu bakin ci ya yi yawa. Abin da gari ya yarda da shi, shi ne daidai."

"In gari ya yarda a yi sata hwa, ta zama halas?"

"Ai ba sata ba ce, tunda ba na kowa ba ne."

"Na kowa da kowa ne, malamin makaranta."

Haba! Na ce a Yankara sun cinye nasu, sama ba ta faɗo ba. Ya ce, "Ka dai iya magana," ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Da damina ta zagayo ciwon ƙafa ya kwantar da shi, gona ta dawo hannuna. Na sa aka ja kunya biyar a cikin burtalin. Ashe ɗan abin da ya rage wa shanun ke nan.

Masara ta kai ƙugu sai ga wani dattijon Bafillace, aminin Baba, wanda duk rani yake zaunar da shanunsa a gonarmu su zuba mana taki. Ya iso bakin burtali, ba hanya. Bai yi faɗa ba. Ya juya shanun, sannan ya zo zaure ya gaida Baba, ina zaune.

Ya ce wa Baba, "Malam, ashe har da kai."

Na jira Baba ya nuna ni. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Har da ni."

Daga ranar bai ƙara yi mini gardama a kan komai ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.