Gurbin da Na Ƙi Karɓa wa Ɗana

Ina tsaye a rumfata a kasuwar Sabon Tasha, ina auna wa wata mata acca, sai na hango motar ƙaramar hukuma ta tsaya a bakin titi. Direban maigidana ne ya fito, wani dattijo mutumin Tudun Wada da ya daɗe yana tuƙa shi. Shi kaɗai ne. Ya zo har gaban rumfa ya durƙusa, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Madam, sai haƙuri. Oga ya faɗi a ofis. Mun kai shi asibiti, amma Allah ya riga ya yi ikonsa."

Na ƙarasa awon, na ƙulle ledar, na miƙa wa matar. Sannan na rufe rumfar na bi direban.

Maigidana shi ne daraktan kula da ma'aikata a ƙaramar hukumar. Ɗaukar aiki, ƙarin girma, canjin wurin aiki, ritaya, duk ta teburinsa suke bi. Yakan ce a zamanin soja aikin ya fi sauƙi, domin kantoma mutum ɗaya ne, in ka ce masa a'a ka gama. Da mulki ya dawo hannun farar hula sai aka sami ciyaman zaɓaɓɓe da kansiloli, kowanne da yaran da suka manna masa fosta, kowanne kuma ya yi musu alkawari. Gidanmu na Unguwar Boro ya koma kamar tasha. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Aikin gwamnati ba tukuici ba ne. A yi talla, a yi intabiyu, wanda ya ci ya shiga." Har suka sa masa suna, Sai-an-yi-talla. Ya san da sunan, yakan yi dariya.

A lokacin babban ɗanmu ya gama poli, wato kwalejin fasaha, yana zaune a gida. Wata rana muna cin tuwo ya ce, "Baba, ko masinja ne." Uban ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ce, "In na sa ka yau, gobe da wane baki zan mayar da ɗan kansila?" Ya yi masa alkawarin cewa yana ƙoƙari a amince a fitar da talla. In ta fito ya nema kamar kowa, shi kuma zai fita daga ɗakin intabiyu ranar da za a kira shi. A kan wannan ƙoƙarin yake har ya faɗi.

Akwai wata al'ada a ƙananan hukumomi. In babban ma'aikaci ya mutu a bakin aiki, sai a ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yansa, a ce an share wa iyali hawaye. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Maigidana bai taɓa yarda da ita ba. Yakan ce da maraya ake buɗe ƙofar, amma 'ya'yan manya ne ke shiga. Abin da yake yi wa iyalin mamaci shi ne ya bi musu haƙƙinsu da ƙafarsa har ya fito.

Kafin a kai gawar maigidana gida ƙauye, an kafa rumfuna a ƙofar gidanmu. Matan zumuntar cocinmu suna waƙa, ni ina zaune a tabarma a tsakiyarsu. Sai ga ciyaman da kansiloli. Aka ba shi lasifika. Ya yabi maigidana da kalmomin da ban taɓa ji daga bakinsa ba lokacin da mutumin yake da rai. A ƙarshe ya ce majalisa ta yanke shawara, babban ɗan marigayi ya zo ofis bayan jana'iza ya kama aiki.

Mutane suka tafa, a gidan makoki. Wan maigidana, wanda muke kira Baba Babba, ya miƙe zai yi godiya. Na riga shi miƙewa.

A wajenmu matar mamaci ba ta magana a irin wannan zama. Shugabar zumunta ta ja mini zani. Ban zauna ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun gode da zuwa. Tambaya ɗaya gare ni. An yi tallar gurbin?"

Sai wani kansila daga baya ya ce, "To fa! Ashe Sai-an-yi-talla bai mutu ba, zani ya ɗaura."

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta.

Ciyaman ya ce, "Madam, taimako ne. Kowa haka ake yi masa."

Na ce, "Na sani. In yaron nan ya shiga, gobe duk wanda ya kawo nasa zai ce ai har ɗan darakta ta nan ya bi. Yana da rai kun kasa lanƙwasa shi. Ba za a lanƙwasa shi yana cikin akwati ba, kuma da hannun ɗansa."

"Zafin rashi ne," in ji shi, yana kallon jama'a, ba ni ba. "Ƙofa a buɗe take, duk ranar da kuka shirya."

Na zauna. Ban yi kuka a gabansu ba.

Da suka tafi, Baba Babba ya kira ni bayan gida. Ya ce, "Ke, da me za ki ciyar da ƙannen yaron nan? Da mudun acca? Ƙanena ya yi taurin kansa ya tafi, ke kuma kin gaje shi." Na ce masa, "Baba, da mudun accan aka biya rabin kuɗin makarantarsu." Ya kaɗa kai ya wuce.

Nasa bai dame ni ba. Ɗana ne ya same ni a madafa, idanunsa jawur. Bai ɗaga murya ba.

"Mama, ni aka yi wa tayin nan, ba ke ba. Ko kallona ba ki yi ba kafin ki miƙe."

Gaskiya ya faɗa, ban kalle shi ba. Da na kalle shi da ban iya miƙewa ba. Kuma da za a sake kafa rumfunan nan yau, haka zan sake yi.

Tallar ba ta fito ba. An ɗauki mutane duk da haka, nakan gan su da sabbin riguna a tashar bas da safe. Ɗana ya karɓi babur a wajen wani abokinsa ya fara acaɓa tsakanin Sabon Tasha da Unguwar Boro. Wani lokaci ma'aikatan da suka yi aiki a ƙarƙashin ubansa yake ɗauka.

Shi ba yaro ba ne. Da ya so, da ya je wajen ciyaman shi kaɗai, da an ba shi kujera ban ma sani ba. Bai je ba. Ban sani ba ko don ubansa ne, ko don kada ya kunyata ni, ko don fushi. Kullum da safe yana gaishe ni, yana kai mini buhu kasuwa, amma bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaye shi ba. Maganar da muka fara a madafa har yau ba mu ƙarasa ta ba.