Bakin Hauwa Ba Ya Motsi

Akwai ranar da ko na bar aikin nan ba za ta fita raina ba. Lokacin ina mataimakin injiniya a wani kamfani a Gwarinpa. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauke mu mu haɗa kiran bidiyo tsakanin 'yan gudun hijirar sansanin Kuchigoro da danginsu da aka gano a Borno. Kowa minti goma.

Ga wanda bai san aikin ba, murya da hoto ba tare suke tafiya ba. Ana gutsuttsura kowanne, a buga wa gutsattsarin hatimin lokaci, in sun isa a sake jera su. In layi ya cushe, ƙa'idarmu ɗaya ce: murya ce gaba. Na'ura sai ta riƙa zubar da hoto don ya kamo muryar. Haka aka koya mini, haka na saita, har ina jin kaina gwani.

Na bakwai a layi wani dattijo ne, Baba Buba. Shekaru ya yi bai ga 'yarsa Hauwa ba, ga ta kwance a asibiti. Fuskarta na fitowa, layi ya yi nauyi. Muryarta na zuwa tar, hoton kuwa ya daskare, ya yi tsalle, ya sake daskarewa.

Baba ya matso har hancinsa na taɓa gilashin. "Ɗana, bakinta ba ya motsi."

Maƙwabciyarsa ta ce, "Tun da bam ya tashi kusa da shi ba ya ji. Leɓe yake karantawa."

Na ruga wurin oga. "Ranka ya daɗe, bari in juya saitin, hoto ya zama gaba. Minti uku ne."

"Ka kashe layi, in ya ƙi dawowa fa? Duba masu jira. Dattijon ya dawo mako mai zuwa."

Maƙwabciyar ta juyo da fuskarsa tana maimaita masa maganar Hauwa. Ya kawar da kai ya ce, "Ba bakinki na zo gani ba."

Kowa a tantin da muke aikin ya ji Hauwa tana neman gafarar ubanta, ban da shi.

Da mako ya zagayo na zo da saitin a gyare. Hauwa ta rasu kwana biyu kafin nan. Baba bai zo ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Muna auna layi, ba ma tambayar wa zai zauna gaban na'ura. Na rubuta takarda a ƙara tambaya ɗaya a fom ɗinmu: shin yana ji? Har yau tana kan teburin oga.