Bugu Uku a Ƙarƙashin Kwalekwale

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni ɗan masunta ne a wani ƙauye na bakin kogin Kwara, tsakanin Bagudo da iyakar Benin. Ba ni da karatu, iyo kawai na iya. Duk gasar ninƙaya da aka yi a yankinmu ni ke cinye ta, har aka kai ni Birnin Kebbi na ciyo kofi. A can wasu masu shirya fim suka gan ni, suka ce suna neman jarumin da zai yi faɗa da kada da 'yan fashin ruwa. Na yi musu fim huɗu. Aka fara nuna ni da yatsa a kasuwar Kamba, na saba da abincin otal da kwanan katifa, na yi teɓa. Abin da na ɓoye wa kowa shi ne numfashina ya ragu, nutso ya soma ba ni tsoro.

Fim na biyar aka ce a ƙauyenmu za a ɗauka. Ina da wa, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda bai taɓa barin kamun kifi ba. In ka gan mu ta baya ba za ka bambance mu ba. Na roƙe shi ya riƙa sa rigata yana yin nutso a madadina, darakta kuma ya yarda. Wana ya yi dariya, ya ce ashe ɗan fim ya zama dorinar tudu. Ya ce zai yi, amma in an tafa mini in riƙa tuna kunnen wa ruwa ya shiga.

A wurinmu, idan ruwa ya kama mutum, wanda ke kusa yakan bugi gefen kwalekwale da filafili sau uku, ya dakata, ya sake sau uku. Duk wanda ya ji, ko abinci ne a bakinsa, zai tura jirginsa ya zo. Ni na ba darakta wannan labari don in burge shi, shi kuwa ya ce sai an sa a fim. Ranar farko da aka buga, gari ya fashe, mata suka yar da taɓarya, jirage suka cika kogi. Sarkin Ruwa ya kira ni gefe, ya ce ɗana, wannan bugu ba kiɗa ba ne, kakanninmu ba su bar mana shi don wasa ba. Na sunkuyar da kai na ce na ji, ranka ya daɗe. Washegari muka ci gaba. Zuwa kwana na uku, ko yaran da ke wanka a gaɓa ba sa ɗaga kai.

Rana ta huɗu da hantsi muka je wani gurbi mai zurfi. Ni ina kwance a cikin kwalekwale, an rufe ni da tabarma don kada kyamara ta ga jarumi biyu. Wana ya faɗa ruwa. Kunnena yana manne da katakon jirgin, sai na ji bugu daga ƙasa, sau uku, shiru, sau uku. Mai tuƙi, wanda shi ne zai yi bugun fim ɗin, bai ɗaga filafilinsa ba tukuna. Daga baya muka gane tsohon mamari ne, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, ya sarƙe wa wana ƙafa a ƙarƙashinmu. Na san mai bugun, na san abin da yake nufi. Shekara da shekaru ina ce wa mutane darakta ne ya hana ni motsi. Gaskiya ita ce jikina ne ya ƙi tashi, tsoro ya danne ni a ƙarƙashin tabarmar nan har bugun ya yi rauni ya tsaya. Da na miƙe na fizge filafili na yi ta dukan jirgin, akwai masunta a gaɓa suna gyaran komarsu ta kamun kifi. Suka dube mu, suka ci gaba da aikinsu.

Sai gawar wana aka tsamo. An fitar da fim ɗin duk da haka. Akwai wurin da hannun wana ke fitowa daga ruwa sau ɗaya ya koma, masu kallo su yi ta kirarina. Matar wana ta taɓa tambayata ko ya sha wuya, na ce mata a'a. Tun daga ranar da ya nutse ban sake shiga kwalekwale ba, ko fim. Nakan ji bugun nan da rana tsaka, a ƙarƙashin bencin da nake zaune, ko a tabarmar salla in na kai goshi ƙasa. Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Bagudo. Kwanan baya malam ya ƙwanƙwasa allo sau uku don mu yi shiru, sai ganina aka yi a tsaye ina haki. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, ko da yake ya ɗauke ni mako biyu.

Na koyi cewa suna yakan tsere wa ƙarfin mai shi, kuma in mutum ya ɓoye gazawarsa, wani ne zai ɗauki nauyinta. Ina jan kunnen matasa masu son fim, da masu ɗaukar hoto da waya: duk abin da mutanenku suka ajiye don ceton rai, kada ku taɓa shi don nishaɗi. Na ji yanzu a ƙauyenmu mutane sun koma kawo ɗauki in an buga. Jibi zan hau babur in je in karanta wa matar wana wannan takarda da bakina. Ku taya wana da addu'a, Allah Ya jiƙansa.