Ƙyallen Da Kika Ɗaura Wa Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran 'yata ta fari, likita, shugabar sashen gaggawa na babban asibiti, bayan jinyar wata biyu. Shekararta arba'in da huɗu. Abokan aikinta sun roƙe ni in rubuta wani abu a kanta. Zan rubuta, amma ban saba yi wa mamaci ƙarya ba.

Ke ma'aikaciya ce, ba mai musun wannan. Kafin ki karɓi sashen nan, in aka kawo mutum goma lokaci ɗaya, kowa ihu yake yi, kowa shugaba. Ke kika ce ranar masifa murya ɗaya za a ji, kika sa aka ɗinka riga mai ruwan lemo don mai ba da umarni. Duk wata uku sai kin tara su gwaji, har masu shara da masu gadi, a kwantar da ɗaliban jinya a ƙasa an shafe su da jan fenti, kina tsaye da agogo a hannu. Suna gunaguni, suna kiranki Soja a bayan idonki. Wata mai shara ta zo gaisuwa tana kuka, ta ce ke kika koya mata danne rauni da tafin hannu, da haka ta ceci jikanta.

Shekara shida ke nan da benen kasuwa ya rushe. Cikin awa ɗaya aka kawo muku mutum sittin da bakwai. Kika tsaya a ƙofa cikin rigar nan kina ɗaura wa kowa ƙyalle a wuyan hannu: ja ga wanda za a shiga da shi nan take, rawaya ga mai iya jira, kore ga mai takawa da ƙafarsa, baƙi ga wanda aka fid da rai a kansa. A cikinsu akwai Auta, ƙaninki, wanda kika goya a bayanki. An ce kin sunkuya kansa ba ki kai minti ɗaya ba. Kika ɗaura masa baƙi, kika wuce wurin na gaba.

Da na iso yana numfashi. A baranda na same shi, kusa da kwandon shara, bakinsa yana motsi. Na kama rigarki na ce ki dube shi don Allah. Ba ki kalle ni ba. Mai gadi kika kalla, kika ce, "A fitar da matar nan."

Matar nan. Ni da na shayar da ke shekara biyu.

Sun gaya min ɗakunan tiyata biyu ne kacal, cewa ko an shiga da shi ba zai tashi ba, cewa mutum hamsin da tara sun koma gida saboda tsarinki. Har takardar yabo aka ba ki. Ina ma 'ya'yan zamani za su gane cewa ilimi ba ya sauke hakkin uwa.

Kowace Juma'a kina zuwa ki durƙusa a ɗakina, in amsa gaisuwa in ci gaba da tasbihina. Kwana uku kafin ki cika, kika riƙe hannuna kika ce in yafe miki. Na tambaye ki, da za a maimaita ranar, me za ki yi? Kika ce:

"Baƙi zan ɗaura, Mama."

Na zare hannuna. Ban haifi maƙaryaciya ba, wannan kam na shaide ki.

Ina yi wa mijinki ta'aziyya, mutumin kirki mai haƙuri, da jikokina uku, da ma'aikatan da kika horar. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa aikinki ya cece ki. Allah Ya jiƙan Auta.

Da za a fita da ke, mijinki ya durƙusa gabana yana hawaye, ya ce kalma ɗaya kawai yake roƙo. Na ce masa ya tashi, mutane suna jira. Ina roƙa miki gafarar Ubangiji, Shi da gafara take da yalwa a wurinSa. Tawa ban same ta ba tukuna.