Hoton da Selbam ya hana a rataya wa fure

Shekara bakwai ke nan da mutuwar Selbam, tsohon telan da muka zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a wani shagon ɗinki a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Mutumin Siri Lanka ne, ɗan ƙabilar Tamil, ba Bahaushe ba, ba kuma Musulmi ba. Na san wani zai ce me ya haɗa ni da tuna shi a jarida. A yi mini haƙuri. A bana babu mutumin da nake kewar hira da shi kamar wannan tsoho.

Ni Bahaushen Sudan ne, haihuwar Wad Madani, ɗinki ya kawo ni Jidda tun ina da sauran baƙin gashi. Kafilinmu ɗaya da Selbam, wato ɗan ƙasar da muke aiki a ƙarƙashin sunansa. Ni nake yanka yadi in haɗa jikin riga, shi yake ɗinka wuya da aljihu, kuma bai taɓa yarda cewa yankana ya kai ba. Larabcinsa na kasuwa ne, irin wanda namiji da mace duk "inta" ne, wato "kai", nawa kuma ya ce na Sudan ne, barci yake sa shi. Da wannan muka yi shekaru muna faɗa a kan almakashi. Yajinmu ya ce na yara ne. Shayinsa kuwa, wanda yake tsiyayawa daga sama har ya yi kumfa, na ce masa sukari ne aka ɗiga wa ruwa, amma ban taɓa barin kofina da saura ba.

Yau in ka bi layin ba za ka gane shagon ba. An gyara tsofaffin gidajen Balad, an goge tagogin katako, wurin da kekunanmu suke ya zama gidan gahawa inda baƙi suke ɗaukar hoto. Da Selbam zai leƙo, na san abin da zai fara dubawa: ƙusar da ke saman kekensa. A nan hoton ɗansa Mohan ya rataya duk tsawon zamanmu, saurayi mai siririn gashin baki, sanye da farar riga wadda uban ne ya ɗinka ta.

Labarin yaƙin ƙasarsu bai taɓa ba ni shi a dunƙule ba. Guntu-guntu yake fitowa, yana aiki, bai ɗago kai ba. Ya ce garinsu a arewa yake, bakin teku, cike da itatuwa irin giginyarmu, kuma bayan ruwan wuta sai ka ga giginyu tsaye reras babu kawuna. Ya yi gudun hijira har ya daina lissafi. Kowane gudu abu biyu yake fara ɗorawa a amalanke, mahaifiyarsa da kan keken ɗinki, kuma wata rana ya isa da keken kaɗai. Sojoji suna zargin su da goyon 'yan tawaye, 'yan tawaye suna bin gida-gida suna neman ɗa ɗaya daga kowane gida. Ya zo Jidda ne don ya samu abin da zai fitar da Mohan daga ƙasar. Bai kai ga haka ba 'yan tawaye suka zo suka tafi da yaron daji.

Da yaƙin ya zo ƙarshe, aka yi shela cewa duk wanda ya taɓa riƙe bindiga ya miƙa kansa, za a yi masa tambayoyi a sake shi. Uwar Mohan da matar da ya aura su suka raka shi da ƙafarsu. Sun ga ya hau motar sojoji, sun ga ya ɗago musu hannu ta taga. Daga nan babu wanda ya sake ganinsa, babu gawa, babu kabari, babu wanda ya ce ga inda aka kai su.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a makon bikin 'yarmu. Matata Batula ta biyo shago karɓar rigunan maza, hannunta ɗauke da leda cike da ful. Wanda bai san Jidda ba, ful farin fure ne mai ƙamshi da ake shiryawa a zare kamar tsakiya, ana rataya wa ango da amarya da wanda ya gama makaranta. Batula tana cikin farin ciki, kowa ta gani sai ta yi masa kyauta. Ta jefa mini ɗaya a wuya, aka yi dariya. Sai ta ɗago ta ga hoton, ta miƙa hannu ta rataya masa ɗaya.

"Ya ammi, wannan na angon gobe ne," in ji ta ga Selbam, wanda take kira ammi, wato baffa. "Allah ya dawo da shi mu sha biki."

Keken Selbam ya tsaya. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya miƙe, ya cire furen a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro, ya miƙa mata da hannu biyu.

"La, ya ukhti. La. Mohan mafi maut." Wato a'a, 'yar'uwa, Mohan bai mutu ba.

Ya fita bai ko sa takalmi ba. Sai da la'asar ya dawo, ya zauna, ya yi mini bayani. A wurinsu ba a rataya wa hoton mai rai fure. Ranar da aka ga fure a wuyan hoto, an sanar da duniya ke nan cewa mai hoton ya mutu. 'Yan uwansa a gida sun daɗe suna matsa masa a yi haka, a yi addu'o'insu na mamaci a huta, shi ya hana. Na ce masa Batula ba ta sani ba, alheri ta nufa. Ya ce ya sani, bai riƙe ta ba. Sannan ya dube ni ya ce, "In ya shigo ya tarar da fure a wuyansa, me zan ce masa?"

Batula ta yi kuka a gida, washegari ta aika masa da tuwo da miyar kuka, ya ci ya ce babu yaji. Amma a tsakaninmu mun yi maganar da kowa zai yi. Mun ce bawan Allahn nan ya kamata ya dangana. Shekaru sun wuce, wanda yake raye ai da ya aiko. Muka yi masa hukunci cikin sauƙi, muna zaune a ɗakinmu a unguwar Nuzla, 'ya'yanmu duka mun san inda kowannensu ya kwana.

Jiran nan ba kyauta Selbam ya yi shi ba. Matarsa, uwar Mohan, ta mutu tana zaman bakin titi tare da sauran uwaye, kowacce riƙe da hoton nata. Shi ya ƙi komawa gida ko da hutu, don ya san ranar da ya sauka dangi za su taru a kansa. Sai matar Mohan, wadda aka yi wa aure wata kaɗan kafin a tafi da mijinta. Ta zauna a gidan surukai, ba matar aure ba, ba bazawara ba, har furfura ta fito mata. Sau ɗaya ya ambace ta a gabana, yana zare wani ɗinki da ya karkace. Ya ce, "Wannan yarinya ni na cuce ta."

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Da na je duba shi a asibiti, ya sa na buɗe jakarsa, sai ga hoton a naɗe cikin ƙyallen yadi. Ya ce in an mai da gawarsa gida za a rataya wa hotonsa fure, kuma ya san mutanensa, a ranar za su haɗa da na Mohan su gama gaba ɗaya. "Khalli hina," ya ce, wato bar shi a nan. "Inta amana." Na karɓa. Batula ta goge gilashin ta ɗora shi a kan kabad, kuma a lokacin mun ɗauka wata 'yar alfarma ce muke yi wa tsohon da baƙin ciki ya taɓa.

Sai yaƙi ya zo mana Sudan.

Babban ɗanmu Bashir yana can, yana riƙe da gidan kakanninsa da wani ɗan shagon kayan mota. Da wuta ta matso, ya sa matarsa Nafisa a mota zuwa bakin teku, ta samu jirgin ruwa ta iso mana. Shi ya ce zai rufe gida ya biyo baya. Wani maƙwabci ya ga an sauke shi daga mota a wani shingen masu bindiga, tare da wasu samari. Iyakar abin da muka sani ke nan har yau. Wayarsa ta yi kwanaki tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. A Jidda da sunan ɗan fari ake kiran mutum, saboda haka daga masallaci har kasuwa kowa Abu Bashir yake ce mini, kuma kowane kira sai na ji shi a ƙirjina.

Batula da kanta ta ɗora hoton Bashir kusa da na Mohan. Matar da ba ta wuce mai sayar da ful ba ta saya ba, yanzu in ta hango shi a bakin danja sai ta kau da kai. Ranar da wata maƙwabciya ta zo mana da furen daga walima, a bakin ƙofa ta tare ta. Ba addininmu ba ne, ba al'adarmu ba ce, ta fi kowa sani. Amma ful bai sake shiga gidanmu ba.

Nafisa yarinya ce, ko haihuwar fari ba ta yi ba. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Tana dafa abinci, tana wanke wa Batula kaya, wayarta kullum a tafin hannu. Dangi suka fara zuwa, nata da namu. Yayana ya zaunar da ni ya ce, "Halas, ya isa haka, ya Abu Bashir. A kai magana gaban alƙali, a yi masa sallar ga'ib, yarinyar nan ta yi takaba ta san matsayinta. Kai ne uba, kai ake jira." Sallar ga'ib ita ce sallar jana'izar da ake yi wa wanda babu gawarsa a gaba.

Na yi watanni ina kewaye-kewaye. Ina zama gaban kabad ina tambayar kaina me Selbam zai ce. Rabin zuciyata yana jin sa yana cewa kada ka yarda, ni ban yarda ba har na mutu. Ɗaya rabin yana jin waccan magana da ya faɗa sau ɗaya tak yana zare ɗinki. Wata safiya Nafisa ta sunkuya tana zuba mini shayi, mayafinta ya zame, na ga gashinta baƙi wuluk. Na tuna da waccan da ta yi furfura a gidan surukai. A ranar na je na sami yayana na ce a yi.

An bi hanyar da malamai suka nuna, aka gama, kuma Juma'ar da ta wuce muka tsaya sahu. Babu makara, babu likkafani, daɓen masallaci kawai a gaban liman. Na yi kabbara huɗu a kan ɗan da ban ga gawarsa ba. Mutane suka yi ta riƙe hannuna suna cewa Allah ya jiƙansa, ina cewa amin, bakina kamar ba nawa ba.

Da na koma gida, Nafisa ta riga ta shiga ɗaki ta cire 'yan kunnenta. Batula tana zaune a ƙasa gaban kabad. Ba ta tambaye ni wa ya zo wa bai zo ba. Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe.

"Abu Bashir, in ya shigo ya tarar an yi masa salla, me za ka ce masa?"

Mutumin da ya fara yin wannan tambaya a gabana ya tafi da ita kabari bai amsa ba.

Selbam bai bar gida a Jidda ba, bai bar shago ba, ƙusar ma an cire ta an shafe ramin da fenti. Rigunan da ya ɗinka wa wuya sun tsufa an yar. Abin da ya rage nasa shi ne hoton nan, da abin da ya koya mana ba da niyya ba: cewa wanda bai ga gawa ba, ba a ce masa ya dangana, sai dai a zauna kusa da shi a yi shiru. Ban san ko na yi daidai ba. Na san dai na zaɓi yarinyar da ke gabana a kan yaron da ba na gani, kuma zuciyata ba ta yafe mini ba tukuna.

Abokina, amanarka tana nan. Batula tana goge gilashin kowace Juma'a, kuma ko ƙamshin fure bai sake kaiwa gare shi ba. Ɗanka yana nan da rai yadda ka bar shi. Nawa ne na yi wa salla.