Gaisuwar Lawandi daga tsakiyar fili

Shekara goma ke nan da muka kai yayana Lawandi makwancinsa a nan Daura. Masu bin ƙwallo sun san shi da Lawandi Mai Hagu, ɗan wasan gefe da ya daɗe yana sa rigar ƙasa. Ni kuwa na san shi tun yana tsayar da ni tsakanin takalma biyu a ƙofar gida, ya ce ni ne gola, ya yi ta ɗirka min ƙwallon tsumma har sai na fashe da kuka. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo, sai a tambaye ni wace ƙwallo ce ta fi kyau cikin waɗanda ya ci. Bana ba ita zan amsa ba. Wata tambaya ce tasa, wadda ya yi ta yi min har ya bar duniya, kuma sai bana na sami amsarta.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta, mata uku a tsakaninmu. Wanda ya tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ba sai na yi masa dogon bayani ba. Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa kama sunansa ba. Idan ta matsu sai ta ce "yayanku", idan ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa Mashi, bai dawo ba sai da ya isa shiga firamare. Ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa, ba ta kallon idonsa. Ni kuwa har na yi gemu ana tambayata ko na ƙoshi. Amma mun lura da abu guda: tsokar da ta fi girma a tukunya kullum a kwanonsa take ƙarewa, kuma kullum ta hannun ɗaya daga cikin yayyena mata.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, kuma burinsa Lawandi ya gaje shi. Ranar kasuwa Lawandi zai kora dabbobi tun safe, ya dawo da yamma ƙafa duk kaushi, ya wuce filin makaranta ko ruwa bai sha ba. Daga baya da Turawa suke mamakin yadda ba ya gajiya, yakan ce min da sun taɓa bin bijimin da ya tsinke igiya, da sun daina mamaki. Daga filin makarantar nan wata ƙungiya ta Katsina ta ɗauke shi, daga can sai Kano, inda ya fara jin dubban mutane suna kiran sunansa a lokaci guda. Bai daɗe ba aka saye shi zuwa Tunisiya, sannan Beljiyam, sannan Faransa, inda ya fi daɗewa kuma ya ɗaga kofi.

Ba shi da gudun da za a ba da labari, gaskiya ke nan. Abin da Allah ya ba shi ƙafar hagu ce da natsuwa. Yakan tsaya da ƙwallo kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi, sai mai tsaron baya ya taso, sai ka ga ƙwallo ta riga ta isa inda babu wanda ya zata. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa alƙalin wasa murya ba. Da aka fara maganar kiransa ƙungiyar ƙasa, kawunnanmu na tsallaken iyaka, dangin Inna na Nijar, suka cika babura suka zo har gida, wai ɗansu ne, su ya kamata ya buga wa. Ya sa aka yanka musu rago, ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri. A nan aka binne cibiyata." Suka koma suna mita, amma an ce ranar da ya fara sa rigar Najeriya sun fi kowa ihu.

Akwai abin da duk wanda ya kalle shi zai tuna. Idan ya ci ƙwallo ba ya gudu, ba ya cire riga, ba ya rawa. Zai nemi inda mai ɗaukar hoto yake, ya taka a hankali, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Masu sharhi na can suka yi ta fassara. Wasu suka ce addu'a ce, wasu suka ce salo ne na mutanen Afirka. Yaran Daura kuwa suka ɗauka, ko a lungu aka ci ƙwallo sai an durƙusa. Da ya zo hutu na tsokane shi, na ce wannan wace irin yanga ce. Ya dube ni kamar na faɗi abin wauta.

"Kai ma ba ka gane ba? Inna nake gaisarwa."

Daga nan ne tambayar ta samo asali. Ya sayo mana babbar talabijin da janareto, ranar wasa tsakar gidanmu ta fi gidan biki cika. Amma da zarar maƙwabta sun fara shigowa da tabarmi, sai Inna ta ja mayafinta. Yau barkar haihuwa, gobe dubiya, jibi wata ƙawarta ce ba ta jin daɗi. Har mun saba yi mata dariya, muna cewa matan Daura sun iya zaɓen ranar haihuwa. Bayan an tashi wasa sai waya ta yi ƙara. Lawandi ne, zai tambayi lafiyar Baba, ya tambayi damina, ya yi ta zagaye, can ƙarshe sai ya sassauta murya.

"Auta, ta gani?"

"Ta fita unguwa, Yaya."

"To, ba komai. A gaishe ta."

Haka muka yi ta yi, daga Tunisiya har Faransa, har wasannin ƙasa da gari ke tsayawa cak saboda su. Ba ya fushi, ba ya ƙorafi. Ya san al'adar, a cikinta ya tashi, kuma shi kansa da za ta kira sunansa a gaban mutane da kunya ta kashe shi. Amma sanin al'ada daban, abin da zuciya ke so daban. Sau ɗaya ya gwada sa'arsa. Ya zo da rigar da ya sa a wasansa na farko na ƙasa, ya durƙusa a bakin ɗakinta ya ajiye. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce da ni, ni da ke tsaye a gefe, "Auta, ka ce wa yayanku an gode. Allah ya tsare." Da muka fito zaure ya yi dariya, amma ba irin dariyarsa ba ce. Ya ce, "Filin wasa guda yana kiran sunana, Auta. Mutum ɗaya nake so in san ta gani."

Gwiwa ce ta raba shi da ƙwallo. Ya dawo gida, ya ƙi zama a Abuja ko Kano duk da an yi ta jansa, ya koma filin makarantar nan yana koya wa matasa. Rashin lafiyar da ta ɗauke shi ba ta daɗe ba. Inna takan zauna a bakin ƙofar ɗakin da yake kwance, ba ta shiga idan da mutane. Ranar da ya rasu ta karɓi gaisuwa da ido a bushe, tana ce wa masu kuka su yi haƙuri, sai ka ce ɗan maƙwabta ne ya tafi. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo, kuma na daɗe ina jin zafinsa. Na riƙa cewa a raina, bawan Allah nan ya gaishe ki a gaban duniya, ya tafi bai ji an amsa ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma. Gidajen kallo sun cika gari, matasa na sanye da rigunan ƙungiyoyin Turai, suna musu har da zage-zage kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Wannan zai ba shi dariya. Cacar da ta shigo cikin ƙwallo ta waya kuwa za ta ɓata masa rai, domin ya tsani a mayar da wasa abin da ke raba yaro da kuɗin abincinsa. Filin da ya koyi ƙwallo an ci rabinsa da gini. Sai kuma kunyar ɗan fari, wadda ita ma tana ta ja da baya. Matata tana ƙwala wa ɗanmu na fari kira da sunansa tun daga madafa har bakin titi, kuma hotonsa ne a fuskar wayarta. Ban san ko Lawandi zai ce an ci gaba ko an yi asara ba. Ina jin zai ɗan yi wa yaron kallon mai sa'a ne.

Ya bar ɗa guda namiji, sunan Baba aka sa masa, muna kiransa Halifa. Yanzu saurayi ne, ya fi ni tsawo, kuma shi ma ƙwallon ce ta kama shi, ko da yake da dama yake bugawa. Tsakaninsa da Inna babu kunya ko kaɗan, wasan jika da kaka ne kawai. Ita ta ce masa mijin da ba ya cefane, shi ya ce mata tsohuwar da ya kusa saki. Duk abin da ba ta yi da uban ba, tana yi da ɗan.

Bayan ƙaramar sallar bana ƙungiyar unguwarsu ta ci wani wasa, shi ya jefa ƙwallon. Ya shigo gida da la'asar yana cika baki, ina zaune ina shan fura. Ya ce bari ya nuna wa tsohuwa yadda ya yi murna irin ta babansa. Ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya ɗaga kai, ya buɗe hannuwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Inna ta taɓe baki. "Kai tafi can, wannan ai roƙo ne, ba gaisuwa ba. Wancan ba haka yake yi ba. Sai ya goge hannunsa a wando tukuna. Ya sauka duka biyu, ya dafa gwiwar hagu, kansa a ƙasa. Kuma ba ya tashi da wuri, sai ya ɗan jira."

Na ajiye ludayi. Goge hannun nan, ni kaina na manta da shi sai da ta faɗa.

"Inna, a ina kika gani?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta miƙe. "Auta, ka cika surutu," ta ce, ta shige ɗaki.

Washegari na hau babur na nufi gidan Goggo Ladi, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, wadda ke zaune can ƙarshen gari wajen hanyar Mai'adua. Ita ce mai yawan rashin lafiyar nan da ake zuwa dubawa ranar wasa. Ta tsufa sosai, amma bakinta na nan. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da tari.

"Sai yanzu kuka farga? Ai ni na fi kowa jinya a garin nan, kuma ko ciwon kai ban yi ba."

Ta ce tana da 'yar ƙaramar talabijin da ɗanta ya bar mata. Inna za ta zo, su tura ƙofa, su kori jikoki. Ba ta san dokar wasan ba, ba ta kuma damu ta sani ba, lambar rigarsa kawai take bi da ido. Idan aka kayar da shi sai ta kau da kai tana salati. In wuta ta ɗauke, su koma rediyo. Ta sa Goggo ta yi mata alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, domin a ganinta abin kunya ne a ce uwa ta zauna tana kallon ɗan fari ana yabonsa.

Na ce, "To idan ya durƙusa fa, Goggo?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Amsawa take yi mana. Ta gyara zama, ta ce, lafiya lau, an gaishe ka, Allah ya yi albarka. Ko sau ɗaya ba ta bar shi a durƙushe ba."

Na daɗe a zauren gidan nan kafin in iya tayar da babur.

Kofunan da ya ci suna cikin kabad, sun fara dusashewa. Ƙungiyoyin da ya buga wa sun yi wasu taurarin, yaran da ke cika gidajen kallo da yawansu ba su san fuskarsa ba, kuma haka duniya take. Abin da ya rage shi ne matasan da ya koya wa wasa ba tare da zagi ba, da durƙuson da har yau ake yi a lungunan Daura, ko da masu yin ba su san wa ake gaisarwa ba. Ban ce al'adar nan ba ta da tsada ba, na ga wanda ya biya. Amma na daina cewa babu ƙauna a cikinta.

Ban sake tayar wa Inna da maganar ba, kuma ba zan sake ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je maƙabarta, na yi masa addu'a kamar yadda na saba, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Da na shafa sai na kasa tafiya. Shekara da shekaru yana yi min tambaya ɗaya ina ba shi amsa ɗaya, da iyakar abin da na sani. Na durƙusa, na sassauta murya kamar yadda yake yi a waya, na ce, Yaya, ta gani. Duka ta gani, kuma ta amsa.