Wa ke da bidiyon Yaya Bashir a kan tsakuwa?

Sun ɗauke ni aikin sa kai! Na tsaya bakin hanya da rigar 'yan sa kai a tseren motoci na duniya da aka yi kan tsakuwa a bayan Jidda, ƙura har cikin haƙorana, ina ta dariya ni kaɗai kamar zautacce. Motar farko na wucewa na zaro jawwal, wato wayata, babban yatsana ya tafi kan sunan Yaya Bashir. Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Lambar tana nan, ban goge ba.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, makanike a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a Madinar Masana'antu ta Jidda. A can zuciyarsa ta tsaya, yana tsakiyar aiki. Duk Juma'a bayan la'asar, shi da abokansa sukan fita bayan gari da tsofaffin motocin da suka harhaɗa da hannunsu, yalla, a hau tsakuwa har magariba. Ni a kujerar gefensa, aikina ihu.

Kullum shi ke fara tafiya. Yakan ce motar gaba ita ke share wa na baya tsakuwa, ita ke santsi, su kuma su sami hanya fes. A wannan tseren na ji ashe haka tsarin yake: wanda ya fi maki shi ke buɗe hanya, yana asarar lokaci, har direbobi na ƙorafi. Wallahi da Yaya na nan sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Zai ce ya shekh, shi ai kyauta yake yi, ko shayi ba a saya masa.

Dokarsu ɗaya ce: ba hoto, ba bidiyo. Rabin abokan nan umara suka zo suka zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da ya tsaya musu. Yaya na da takardunsa, amma ya ce in fuskarsa ta fita, ta wanda ke gefensa ma ta fita. Sai a tara wayoyi a but ɗin mota, halas. A tseren nan kuwa kowa hannu sama yana ɗauka, har da jirgi mai kyamara a kanmu. Na rasa ko abin zai burge shi ko tsoro zai ba shi.

Sakamakon dokar nan, abin da muke da shi hoton iƙamarsa ne kawai, ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi. Da na koma gida unguwar Sa'alaba ina nuna wa Umma bidiyoyin tseren da na ɗauka, ta kalla, ta miƙo min wayar.

"Abba, na fara manta muryarsa," ta ce.

Ban iya cin abinci ba ranar.

Mutum ɗaya ya taɓa karya dokar. Isufu, mai walda, mutumin Nijar, dogo, da wushirya. Ya ɓoye ƙaramar waya a safa, ya ɗauki Yaya yana shan kwana, motar na tafiya a karkace. Ina cikin motar, na ji Yaya na dariya yana cewa, "Isufu, sauke abin nan, ɗan banza, za ka sa a kwashe mu duka." Bai goge ba, na sani, don ya nuna min a ɓoye. Ba a jima ba aka kama shi aka mayar da shi gida. Ban ma san ko ya ji Yaya ya rasu ba.

Abokan sun watse, wasu an mayar, wasu sun canja lamba. Warshar ma yanzu sito ce.

Isufu, in wayar ta mutu, ko katin memorin ne ka nemo. In ba hoto, muryar ta isa, Umma ce ke so. Ku kuma don Allah ku tura wannan, musamman guruf ɗin mutanen Nijar da suka taɓa zama Jidda. Ku tura har ya kai hannunsa.